Tarihin Dokokin Tsare Lambatun Jama'a a Ƙasar Ingila



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda hukumomin garuruwan Ingila suka kai ga kafa dokokin hana zuba abubuwa masu cutarwa a cikin lambatun jama'a, watau manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa masu kwashe ƙazantar gari. In mun duba tarihin, za mu ga dokar ta bi matakai uku: da fari hani, sa'an nan tilas, daga bisani kuma tantancewa.

Kafin shekarar 1815, laifi ne a birnin Landan mutum ya tura najasar gidansa cikin lambatu, domin ruwan sama kaɗai aka gina su su kwashe. Kowane gida da salgarsa, in ta cika a kira masu kwasa da dare. Da gari ya tumbatsa, salgogi suka riƙa malala, sai aka ɗage hanin. A 1848 aka kafa Hukumar Lambatun Birni, wadda ta matsa a rufe salgogi a haɗa gidaje da lambatu. Ga shi kuwa duk lambatun nan a kogin Tems suke juyewa, kogin da jama'a da yawa ke sha. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Annobar kwalara ta 1848 zuwa 1849 ta kashe mutum fiye da 14,000 a birnin, ta 1853 zuwa 1854 kuma fiye da 10,000. A bazarar 1858 ɗoyin kogin ya addabi 'yan majalisar dokoki a cikin zaurensu, har ba su ɓata lokaci ba suka amince da aikin injiniya Joseph Bazalgette. Shi ne ya gina manyan lambatu masu tsawon kimanin mil 82, waɗanda ke tare ƙazantar su kai ta can gabas da birnin.

To, da aka sami inda ƙazanta za ta bi, sai wata sabuwar tambaya ta taso, musamman a garuruwa masu masana'antu irin su Manchista: wace irin ƙazanta ce lambatu zai iya ɗauka? Majemai da marina da masaƙu da masana'antun iskar gas duk suna fitar da dagwalo, sun kuma saba tura shi kogi. Dokar hana gurɓata koguna ta 1876 ta umarci hukumomin gari su ba masu masana'antu damar zuba dagwalonsu a lambatu, muddin ba zai yi wa lambatun lahani ba. Wata doka ta 1890 ta ba hukumomin ikon hana zuba tarkacen sinadarai, da tururi, da ruwan da zafinsa ya wuce awo 110 a ma'aunin Faranhait, watau kimanin 43 a ma'aunin Salshiyas, in dai zai jawo cuta. Dokar lafiyar jama'a ta 1936 ta tattara waɗannan, ta kuma ambaci man fetur da kabaid, wanda in ya taɓa ruwa yakan fitar da iska mai kama wuta.

Kowane hani a nan yana da dalilinsa. Ruwa mai guba yana cin siminti da ƙarfe. Ruwan zafi yana gaggauta ruɓewa, ya ta da iskar da kan hallaka leburan da ya shiga gyara. Tururin fetur kuwa yakan bi bututu ya yi nisa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya tarwatsa titi. Akwai kuma dalili na huɗu wanda ya ƙara ƙarfi bayan 1914, shekarar da Edward Ardern da William Lockett suka bayyana wata hanyar tace ƙazanta a Davyhulme ta Manchista. Hanyar ta dogara ne ga ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu cinye dauɗa in an hura masu iska. Ashe matatar gari abu ne mai rai. Masana'anta guda in ta sako guba da dare, tana iya kashe halittun, ƙazantar gari duka ta wuce kogi ɗanya.

Saboda haka dokar 1937 ta zo da tsari mafi hikima. Maimakon jera haramtattun abubuwa kawai, ta wajabta wa mai masana'anta ya sanar da hukumar gari, ya nemi izini, ita kuma ta gindaya sharuɗɗa kan irin dagwalon, da yawansa, da kuɗin da zai biya na tacewa. A 1974 wannan iko ya koma hannun hukumomin ruwa na yankuna, aka sayar da su ga 'yan kasuwa a 1989, amma dokar 1991 ta riƙe tsarin izinin.

Kada mu ɗauka masana'antu ne kaɗai masu laifi. A 2017 an tarar da wani curin kitse da tsummokin goge jiki a lambatun unguwar Whitechapel ta Landan, mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250, wanda ya taru daga gidaje da wuraren sayar da abinci.

Darasin da ke nan, musamman gare ku masu riƙe da amanar garuruwa, shi ne lambatu dukiyar jama'a ce, abin da mutum ɗaya ya zuba kowa ne zai ɗauki nauyinsa. Ingila ta biya dubban rayuka kafin ta gane haka. Doka kuwa ba ta aiki sai da ma'aikacin da zai ɗebi dagwalo ya auna, ya kuma faɗi abin da ya gani ko da mai masana'antar babban mutum ne. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.