Ƙurar Da Ke Jikin Kan Jirgi

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Dogon Daji ba. Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka ja daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙarasa Sakkwato ba, balle ƙasar Tambuwal da Kebbe. Mutumin wannan yanki da mota ya san tafiya, kuma abin da ido ya saba gani shi hannu ke kwaikwayo. Shi ya sa da kaka, idan an girbe dawa, za ka tarar da yara a gindin bishiya suna fere kara da reza. Su ɓare ɓawon su tsaga shi siriri, su soka shi cikin totuwa su tayar da bodin mota, su yanko sakaina ko tsohon silifa su yi ƙafafu. Wanda ya ƙara wayo sai ya koma motar langa-langa, ya buɗe gwangwanin madara ya daddale shi da dutse. An yi motar katako, an yi tirela da tanka, amma kan jirgi mai kwal bai shiga wannan al'ada ba a nan, domin babu inda yaro zai gan shi.

A Turai irin wannan wasa ya girma ya zama sana'ar manya. Kamfanin Märklin na Jamus ya nuna ƙananan jirage masu bin dogo a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891, Bassett-Lowke da Hornby suka yi suna a Ingila, daga baya aka daidaita ma'auni, kamar HO, inda ake rage jirgi sau 87. Da farko duk sumul ake yin su, fenti na ƙyalli kamar yau aka fito da su daga masana'anta. Wani mai ɗaukar hoto a Amurka, John Allen, yana cikin waɗanda suka sauya wannan ɗabi'a daga shekarun 1940. Ya riƙa tsufar da jiragensa da gangan, yana sa musu tsatsa da kunkunniya da dattin mai. A ganina nan ne sana'ar ta zama aikin tarihi, kuma wannan ɓangaren ne ya kamata mu ɗauka idan za mu adana labarin jirgin ƙasa a Arewa.

Dalilina shi ne dattin jikin kan jirgi shaida ne. A ɗauki kawunan jirgin da kamfanin Vulcan Foundry ya fara ƙera wa Najeriya a 1948, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna. Baƙin da ya kwanta daga bututun hayaƙi zuwa bayan tukunyar tururi na kwal ɗin Inugu ne, wanda aka gano a Udi a 1909, kuma shi ya riƙe reluwe shekaru da dama. Farin zane da ke gangarowa daga bakin bawul alama ce ta irin ruwan da ake ɗura wa tukunya a tashoshin hanya. Jar ƙura a ƙafafu da ƙarƙashin tarago ta ƙasar da ya ratsa ce, farin hazo a samansa na hunturu ne, sannan akwai wuraren da fenti ya goge har ƙarfe ya yi sheƙi, daidai inda direba da mai zuba kwal ke kamawa su hau. Mai gwanintar wannan aiki sai ya tsarma baƙin fenti ya bar shi ya gangara cikin lungunan ƙusa, ya niƙa alli mai launin ƙasa ya kaɗa shi da busasshen buroshi, ya goga bakin fensir a gefen matakala don ta yi kama da ƙarfen da ƙafa ta cinye. Ba zai iya yin ko ɗaya daga ciki ba sai ya tambayi inda jirgin ya bi, me ya ɗauka, wa ya yi wahalarsa. Kan jirgi mai ƙyalli yana nuna abin da Ingila ta sayar mana. Wanda ya sha ƙura yana nuna aikin da aka yi da shi a nan, daga Baro zuwa Kano inda dogo ya isa a 1911, da buhunan gyaɗar da ya kwashe daga dala zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas.

Wani zai ce jirgin nan kayan mulkin mallaka ne, an shimfiɗa shi don kwashe gyaɗa da auduga da kuza, to me ya sa za mu ƙawata shi? Gaskiya ne, har ma da aikin tilas aka gina layin Baro zuwa Kano, inda aka riƙa ɗibar talakawa ta hannun sarakuna. Sai dai wannan hujja ta fi ƙarfafa abin da nake faɗa, domin ƙawatawa ita ce a goge jirgin tas a ɗora shi a kanta. Wanda ya mayar masa da dattinsa ya mayar masa da guminmu. Wani kuma zai kawo batun addini, ya ce ai sassaƙa surori ne. Malamai sun bambanta surar mai rai da ta abin da ba shi da rai, kuma kan jirgi ƙarfe ne, hukuncinsa ɗaya da motar kara. Amma ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa wannan shagalin masu kuɗi ne, alhali makarantunmu na neman benci. Lallai kayan Turai suna da tsada, kuma ba su nake kira a sayo ba. Ƙasar da ke da maƙeran farfaru masu zuba tukunyar dalma, da masu walda a kowace bakin kasuwa, da yaran da ke tayar da tirela daga gwangwani, ba ta rasa hannun da zai yi kan jirgi mai tsawon kamu ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a nuna musu na gaske.

Na gasken kuwa yana ƙarewa. Tun 1955 aka fara shigo da kawunan jirgi masu dizal, masu kwal suka riƙa komawa gefe har aka daina aiki da su. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne, an rufe shi a 1957, kuma abin da ya tsira daga kawunansa yana ajiye a gidan tarihi na Jos. A Ebute Metta ta Legas akwai gidan Jaekel mai adana hotuna da kayan aikin reluwe. Tsofaffin da suka zuba kwal a Zariya da Gusau su ne kaɗai za su iya cewa ga inda mai ke ɗiga, ga launin da hayaƙi ke bari, kuma kullum raguwa suke yi. Malaman fasaha na makarantun Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, ku nemi hotunan nan, ku kai ɗalibanku wurin tsofaffin nan tun suna da rai, ku ba su gwangwani da alli su fara.