Tasirin Dofamin a Tashar Gani ta Talamus: Bitar Bincike da Darasi ga Asibitocin Kudancin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi kan yadda sinadarin dofamin ke sauya saƙon gani a talamus. Ta nuna cewa tasirinsa ya dogara ne da yawansa da kuma irin makarɓar da ya kama, sannan ta kawo shawarar a auna ƙarfin bambance haske da duhu a marasa lafiya na Kafanchan.

Gabatarwa

Saƙon da ya taso daga tantanin ido ba ya zarcewa kai tsaye zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa. Sai ya yada zango a wata tasha cikin talamus da masana ke taƙaitawa da LGN, mai hawa shida a ɗan Adam da biri. Aikinta ya yi kama da na mahaɗar jirgin ƙasa ta Kafanchan, inda mai juya layi ke yanke wanda zai wuce da wanda zai dakata. Abin lura shi ne, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kacal na mahaɗun jijiyar da ke kan ƙwayoyin isar da saƙo ne ke fitowa daga ido. Sauran na zuwa ne daga ɓawon ƙwaƙwalwa da gindinta da ƙwayoyin hanawa masu fitar da GABA. Tun da Arvid Carlsson ya tabbatar a ƙarshen shekarun 1950 cewa dofamin ɗan aike ne a ƙwaƙwalwa, an fi danganta shi da motsi da kwaɗayi, aka bar gani a baya.

Hanyar Bincike

An yi bitar gwaje-gwaje kan kyanwa da ɓera da biri, tare da nazarce-nazarcen asibiti kan masu cutar Parkinson.

Sakamako

A 2002, Zhao da Funke da abokan aikinsu a Bochum ta Jamus suka ɗiga dofamin kan ƙwayoyin LGN na kyanwa. Kaɗan daga cikinsa ya ɗan ƙara amsawar ƙwayoyin ga haske, da aka ƙara yawansa sai amsawar ta ragu. Maganin da ke tayar da makarɓar D1 ya fi karkata ga dannewa, na D2 kuwa ya bi sawun dofamin ɗin kansa. A 2005, Munsch da Pape da abokansu suka nuna cewa dofamin na taɓa ƙwayoyin hanawa na cikin tashar. A shekarar dai, ayarin Carmen Cavada a Madrid ya gano cewa zaren dofamin ya yawaita a talamus na biri da mutum, amma ya yi ƙaranci a LGN.

A ɓangaren asibiti, Bodis-Wollner da Yahr sun ruwaito a 1978 cewa saƙon gani na makara kafin ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa a masu cutar Parkinson. A 1990, Harnois da Di Paolo suka samu raguwar dofamin a tantanin idon masu wannan cuta.

Tattaunawa

Waɗannan sakamako sun nuna dofamin ba makunni ba ne, mai daidaita ƙarfin saƙo ne, kuma yana aiki a matakai biyu: ido da talamus. Wannan na da muhimmanci a Kudancin Kaduna. Majinyacin da ya ce "ina gani dishi-dishi da magariba" akan fara duba masa yanar ido, hawan jinin ido, ko makantar rafi, wadda gwajin Farfesa Adenike Abiose na 1993 a Jihar Kaduna ya nuna maganin ibamektin na rage lahaninta ga jijiyar gani. Daidai ne a fara da su. Sai dai allon haruffa na Snellen da ake gwada gani da shi baƙi ne wuluk a kan fari, don haka mai raunin bambance toka-toka zai iya karanta shi tsaf. Magungunan taɓin hankali irin su haloferidol da kuloropuromazin kuma makarɓar D2 suke toshewa, wadda gwajin kyanwa ya nuna tana shafar saƙon gani.

Kammalawa

Ana ba da shawarar a gudanar da nazari a asibitin tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan, da haɗin gwiwar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. A yi amfani da allon Pelli-Robson, mai haruffan da ke dusashewa, a kwatanta rukuni uku: masu cutar Parkinson kafin shan maganin lebodofa da bayansa, masu shan haloferidol, da masu lafiya sa'o'insu. Allon ba ya buƙatar lantarki, kuma ma'aikacin jinya zai iya koyon aiki da shi cikin ɗan lokaci.