Dalar Gyaɗar Kano da Waɗanda Suka Ɗauki Nauyinta

Ba don gyaɗa Turawan mulkin mallaka suka ja layin dogo zuwa Kano ba. Auduga suke hari. Masaƙun Lankasha a Ingila suna kukan ƙarancinta, ana kuma ganin ƙasar Hausa, inda aka daɗe ana kaɗi da saƙa da rini, ita za ta share musu hawaye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanya ga 'yan kasuwa a 1912, sai manomi ya zauna ya yi nasa lissafin. Audugarsa masaƙan gida suna saye da daraja fiye da tayin Bature. Gyaɗa kuwa tana son jigawa irin ta Kano, kuma in kasuwa ta juya baya, iyali za su iya cinye abinsu. A daidai lokacin an gano dabarar daskarar da mai a Turai ana yin bota da shi, kamfanoni suka zo da farashi mai tsoka. A 1912 gyaɗar da aka fitar ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000.

Waɗanda suka haɗa manomi da sikelin Bature fataken goro ne, mutanen da suka saba tafiyar Gwanja, suka san bashi da amana da yaran gida. Irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo sun watsa yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi, a ba manomi tun damina, ya biya da gyaɗa in kaka ta yi. Wanda sunansa ya fi fita shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya yi fataucin goro a ƙasar da ake kira Gana yanzu kafin ya dawo gida ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Sai dai ba kwaɗayin riba kaɗai ya tura talaka gonar gyaɗa ba. Haraji ya koma na tsabar kuɗin Bature, ana kuma karɓarsa da kaka, lokacin da hatsi ba shi da daraja. Magidancin da ba ya son ya buɗe rumbunsa don ya sallami dagaci, dole ya shuka abin da kanti ke saye. Farin 1913 da yunwar da ta biyo baya a 1914, wadda tsofaffi suka riƙa kira Kakalaba, sun ƙara wa manoma hankali: abinci tukuna. Shi ya sa a karkarar Kano aka riƙe tsarin gicci, layin gero ko dawa a gitta, gyaɗa a tsakani. Wannan dabara ta manomi ce, ba wani malamin gona ya kawo ta ba, kuma ita ta raya gidaje da yawa a shekarun da farashi ya faɗi warwas, kamar farkon shekarun 1930.

Ita kanta dalar fa? Cunkoso ne ya haife ta. Layin dogo ɗaya ne daga Kano zuwa kudu, taragu ba su isa ba, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, ga gyaɗa tana ta kwararowa a kan jakai da raƙuma da manyan motoci. Sai aka riƙa jera buhuna a fili, ƙasa da faɗi, sama da tsini, har dala guda ta ci buhu 15,000. Lebura zai saɓa buhu a ka ko a wuya, ya taka buhunan da aka riga aka jera kamar matakala, ya kai can sama ya ajiye, ya sauko ya ɗauki wani, tun safe har rana ta yi sanyi. In an gama a lulluɓe da tamfol saboda ruwa. An yi irin waɗannan a Ƙofar Mazugal da Birged da Malam Madori da wasu wuraren. Wata dalar takan shekara tana jiran jirgi, ƙwari suna ɓarna a cikinta.

A ƙauye kuma akwai aikin da ba a cika ɗaukar hotonsa ba. Mata da yara ne ke tsinke gyaɗa daga harawa, su shanya, su ɓare a turmi ko da hannu, su sheƙe.

Daga 1949 cinikin ya koma hannun hukumar gyaɗa ta gwamnati, wadda a 1954 ta zama Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanke farashi kafin kaka, ita ke ba manyan dillalai lasisi, ita kaɗai ke sayarwa waje. Hujjar da aka kafa ita ce a tara rarar shekarar arziki don a tallafi manomi a shekarar tsiya. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya bi lissafin daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga aljihun manomin gyaɗa an riƙe shi, ta hanyar harajin fitarwa da rarar hukuma. Ba a ce duk kuɗin sun salwanta ba. Da irinsu gwamnatin Sardauna ta yi hanyoyi da makarantu da masana'antu, kuma Arewa tana cin moriyar wasu har gobe. Amma kason da ya koma gonar da ta haifi kuɗin bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ga kuma 'yan baranda da ke tare manomi a hanya, da sikelin da ba shi ke karanta shi ba. Ba mamaki buhuna suka riƙa tsallaka iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, duk ɓangaren da farashi ya fi kyau.

Ƙasa ma ta biya nata. Gyaɗa tana ƙara wa gona wani sinadari ta saiwarta, gaskiya ne, amma tumɓuke ta ake yi ɗungurungum: ƙwaya ta tafi Turai, harawa ta tafi turken dabbobi, gona ta kwana tsirara iskar hunturu tana kwashe samanta. Kusa da birni, inda jakai ke kai taki da mangala, ƙasa ta jure. A can arewa, inda aka sare daji aka daina barin saura ta huta, ƙarfin ƙasa ya yi ta raguwa, takin zamani kuwa bai wadata ba.

A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, har hukuma ta taɓa sayen kusan tan miliyan ɗaya a kaka guda. Rushewar ba ta ɗauki shekara goma ba. Farin 1972 zuwa 1974 ya cinye amfani har da iri. A 1975 cutar roset, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, ta tsumburar da gyaɗa a fili mai faɗin kusan hekta 700,000. Manomin da aka shekara ashirin da biyar ana riƙe masa kuɗi da sunan ranar wuya bai ga abin da zai tashe shi ba, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur. Mutane suka koma wake da gero, matasa suka tafi birni. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin cinikin baki ɗaya.

Gyaɗar ba ta ƙare ba, hanya ta sauya. Har yanzu Nijeriya tana cikin manyan masu nomanta a Afirka, sai dai yawancinta a gida take ƙarewa: injinan matsar mai, kasuwar Dawanau, da matan da ke soya ta su niƙa su matse mai su murza ƙuli-ƙuli, sana'ar da ke riƙe da gidaje masu yawa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, tare da cibiyar ICRISAT, ta fitar da ire-iren gyaɗa na SAMNUT masu jure roset da nuna da wuri.

Babban abin da ya tare ƙofar kasuwar waje yanzu shi ne gubar aflatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa in gyaɗa ta sha fari a gona ko aka adana ta da laima. An gano ta bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, kuma tana lahanta hanta. Tarayyar Turai ta sa mata doka mai tsanani. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage ta, kuma shanya a kan tamfol maimakon ƙasa yana taimakawa sosai. Duka biyun kuɗi ne da wahala a wuyan manomi, alhali a yawancin kasuwannin ƙauye tiyar mai tsabta da ta mai laima farashinsu ɗaya ne, kuma wadda ba ta cancanci fita waje ba ita ke komawa kunun yara da ƙuli-ƙulin makaranta.