Harajin da Ba Ya Cikin Lissafi: Kuɗin Unguwa da Tsadar Zaman Birni

A shekarar 1979, da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya hau mulkin tsohuwar Jihar Kaduna a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, gwamnatinsa ta soke haraji da jangali. Malumfashi da Funtuwa suna cikin wannan jiha a lokacin, domin sai 1987 aka yanki Jihar Katsina. Talakan Malumfashi, ƙasar Galadiman Katsina, ya ga ranar da mai unguwa ya daina bin gidaje yana neman kuɗin kai. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, harajin ya dawo ta wata ƙofa, kuma yanzu maƙwabci ne ke karɓarsa a hannun maƙwabci, da sunan ƙungiyar unguwa.

Duk ɗan Malumfashi da neman abinci ya kai shi Kano ko Kaduna ko Abuja ya san zancen. Ya biya kuɗin haya, ya biya la'adar dillali, ya ɗauka ya gama. Wata bai ƙare ba sai ga sakataren unguwa da littafi: kuɗin 'yan sintiri, kuɗin shara, karo-karon man janareton fanfon burtsatse, sannan wata rana taransfoma ta ƙone a raba wa kowane gida nasa kason. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta sha nanata cewa sayen taransfoma nauyin kamfanin rarraba wuta ne, amma unguwar da ta yi wata biyu a duhu ba ta tsayawa jiran doka. A rukunin gidaje masu katanga da ƙofa a Abuja, abin ya zama tsari rubutacce, kuɗin hidima na shekara wanda ake biya daban da haya.

Masu nazarin tsadar rayuwa sun fi kallon farashin masara da shinkafa da kuɗin mota. Suna da hujja. Daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma a Afrilun 2024 kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, ya koma naira 225 kowane ma'auni. Sai dai duk wannan hauhawa tana sake biyowa ta littafin sakatare, domin janareton burtsatse mai yake sha, mai gadi ma iyali gare shi. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, sau biyu tsadar ke dukansa: a kasuwa, da kuma a ƙofar gidansa.

Ba na cikin masu ganin laifin kafa waɗannan ƙungiyoyi. A yankin da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ba wanda zai ce wa magidanci kada ya haɗa kuɗi a tsare masa layi. Gwamnatin Jihar Katsina ta Dikko Umaru Raɗɗa ita kanta ta amsa cewa tsaro sai da mutanen gari, da ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023. Matsalar tana wajen yadda ake yanka kuɗin, da wanda ke yankawa.

A nan ne kwatanci da aikin gayya yake da amfani, domin da shi shugabannin ƙungiyoyi ke kafa hujja. Gayya da jiki ake biyanta. Mai garma ya zo da garmarsa, mai fartanya da fartanyarsa, wanda ba shi da ko sisi ya ba da wuninsa, ya koma gida da mutuncinsa. Yasar rijiya da cike kwazazzabo da gyaran maƙabarta duk haka aka yi su. Kuɗin wata-wata ya toshe wannan hanya. Wanda ba shi da tsabar kuɗi ya zama mai taurin bashi, a karanta sunansa bayan sallar isha'i, alhali da ƙarfinsa zai iya kwana sintiri sau biyu a mako. Tsohon harajin ma, duk da zaluncin da aka sha a wajen karɓarsa, a ƙa'ida jimla ake yanka wa gari, dagaci da masu unguwanni su raba gwargwadon ƙarfin kowa. Ƙungiyar yau sau da yawa ƙofa take ƙirgawa: gidan bene mai motoci uku da gidan bazawara mai sayar da ƙosai, kuɗinsu ɗaya.

Sai batun murya. Masu gida ne ke zama su yanke, 'yan haya su biya. A Amurka, inda irin waɗannan ƙungiyoyi suka yi ƙarfi har suna iya ɗora wa gidan mutum bashi a hukumance, an yi musu dokoki. Jihar Kalifoniya ta yi tata tun 1985, kuma ana tilasta musu zaɓe da buɗe littafin kuɗi. Can ma ɗan haya ba shi da ƙuri'a, don haka ba abin kwaikwayo ba ne gaba ɗaya. Amma mu nan muna da karɓar kuɗin, babu tilascin bayani.

Malumfashi tana da damar da Kano ta riga ta rasa. Sababbin unguwanninta, waɗanda suka cika da mutanen ƙauyukan da rashin tsaro ya koro, yanzu suke kafa ƙungiyoyinsu, al'adar ba ta daskare ba. Ƙaramar hukuma da fadar Galadiman Katsina za su iya gindaya sharaɗi kafin su amince da kowace ƙungiya: a yanka kuɗi hawa-hawa, a karɓi aiki a madadin kuɗi, ɗan haya ya samu kujera a kwamiti, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a. Manomin da ya baro gonarsa a bayan gari, ya kama ɗaki ɗaya da 'ya'ya shida, shi ne ma'aunin da ya kamata a fara gwada kowane kaso da shi kafin sakatare ya buɗe littafi.