Tarihin Gano Yadda Tantani Ke Gyara Saƙon RNA

A 1961 Sydney Brenner da François Jacob da Matthew Meselson suka tabbatar cewa akwai wani nau'in RNA da ke kai saƙo daga DNA zuwa inda ake haɗa furotin. A bakteriya suka yi aikin, inda ake fara karanta saƙon tun kafin a gama rubuta shi. Aka ɗauka haka abin yake a kowace halitta.

Sai dai tantanin dabbobi da tsirrai, masu cibiya, sun ƙi bin wannan tsari. James Darnell a Amurka da Georgii Georgiev a Mosko sun ga RNA mai tsawon gaske a cikin cibiya, amma wanda ke fitowa gajere ne. Ina ragowar ke zuwa? A 1971 Mary Edmonds da wasu suka gano jelar adenin mai kimanin harafi 200 a ƙarshen saƙon. Zuwa 1975 Yasuhiro Furuichi da Aaron Shatkin sun bayyana hular guwanin da ke kare farkonsa. Wannan ya ƙara rikita masana, domin dogon RNA da gajeren duk suna da hular da jelar, ke nan daga tsakiya ake yanka.

Amsar ta zo a 1977 daga binciken ƙwayar cutar adenobairus. Phillip Sharp da Susan Berget a MIT, da Richard Roberts da Louise Chow da abokan aikinsu a Cold Spring Harbor, suka haɗa saƙon da DNA ɗinsa, suka duba da madubin ilektron. Sai ga sassan DNA sun lanƙwasa sun fito gefe, ba su da abokin haɗi a saƙon. Ashe tantani yakan cire waɗannan sassa ya ɗinke saura, kamar tela da ƙyalle. A 1978 Walter Gilbert ya kira waɗanda ake cirewa intiron, waɗanda ake bari ekson. Daga baya Joan Steitz, da taimakon jinin masu cutar lupus, ta gano cewa wasu ƙananan RNA ne ke gane wuraren yankan.

Sharp da Roberts ne suka karɓi kyautar Nobel a 1993. Rashin sunan Chow, wadda hotunanta suka fito da abin fili, ya jawo ƙorafi, kuma ƙorafin yana kan gaskiya. Kuskure a wannan ɗinki na haddasa wasu nau'o'in cutar talasemiya, kuma maganin nusinersen da Amurka ta amince da shi a 2016 gyara ɗinkin yake yi a jikin yara masu ciwon shanyewar tsoka na gado.