Yadda Shayi Ya Haɗu Da Mota, Daga Landan Zuwa 'Yargoje

A birnin Landan akwai wasu tsofaffin motocin safa masu hawa biyu waɗanda aka sake wa fasali aka jera tebura a cikinsu. Mutum zai yanki tikiti tun kafin ranar, ya shiga da hantsi ko da la'asar, a ajiye masa shayi da yankan burodi mai haɗi a tsakiya da kek iri-iri, mota ta zagaya da shi gari na kimanin awa ɗaya da rabi. Za a bi da shi ta gaban majalisar dokokinsu da agogon nan na Big Ben, a wuce majami'ar Westminster da lambun Hyde Park, sannan a dawo da shi inda aka ɗauko shi. Wani gidan burodi mai suna Brigit's Bakery na cikin waɗanda suka fi yin suna a wannan sana'a, kuma akwai masu irinta a Dublin da Edinburgh. Kofunan masu murfi ne, don kada direba ya taka birki shayi ya kife wa mutum a jiki.

Al'adu biyu ne suka gamu a cikin motar nan, kuma kowace da tata doguwar tafiya. Ganyen shayi ɗan ƙasar Sin ne. 'Yan kasuwar Holan ne suka fara shigo da shi Turai a wajajen 1610, amma bai sami gindin zama a fadar Ingila ba sai bayan 1662, lokacin da Sarki Charles na Biyu ya auri Catherine, gimbiyar Fotugal, wadda ta zo da son shayi daga gidansu. Ya daɗe yana abin sha na masu hali saboda haraji, har zuwa 1784 da gwamnati ta rage harajin daga kashi 119 cikin 100 zuwa 12.5. Daga nan talaka ma ya sa baki. Da buƙata ta yi yawa sai Ingilishi suka koma noma shi a ƙasashen da suka mallaka. An yi gwanjon shayin Assam na Indiya a Landan karo na farko a 1839, kuma a 1890 Thomas Lipton, wanda har yau sunansa ke jikin kwalin da ke kan teburin mai shayi, ya sayi gonaki a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yanzu. Sukarin da ke zaƙaƙa wannan shayi kuwa an daɗe ana noma rakensa da gumin bayi 'yan Afirka a tsibiran Karibiyan, kuma bai kamata a ba da tarihin shayin Turawa a tsallake wannan ba.

Shayin la'asar kansa ana danganta shi ga Anna, matar basaraken Bedford, a wajajen 1840. Manyan Ingila na lokacin ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe takwas, yunwa kan kama ta kafin nan, sai ta riƙa sa a kawo mata shayi da ɗan abin taɓawa, daga baya ta soma gayyatar ƙawayenta. Ita kuwa motar, George Shillibeer ne ya fara jigilar fasinjoji a Landan ranar 4 ga Yulin 1829 da wata doguwar karusa da dawakai 3 ke ja, mai ɗaukar mutum 22. Motar zagaya gari don baƙi ta soma aiki a 1951, shekarar wani babban baje koli da Birtaniya ta yi. Samfurin Routemaster, wanda shi ake yawan mayarwa gidan shayi a yau, ya hau titi a 1956, an ƙera guda 2,876, kuma an janye shi daga hayar yau da kullum a watan Disambar 2005. Da motocin suka yi ritaya ne 'yan kasuwa suka saye su suka nemo musu sabon aiki.

A ƙasarmu ba a saba da mota mai yawo da mashaya shayi ba, amma dangantakar shayi da tafiya ta fi ƙarfi a nan, don mu tafiyar ce ma ta kawo mana shi. Kafin zuwansa matafiyi Bahaushe yana da guzurinsa. Fataken da madugu ke ja zuwa Gwanja sayen goro sukan ɗauki fura da dakuwa da kilishi da ƙuli-ƙuli, in sun sauka a zango a dama kunu ko a tuƙa tuwo. Abin da ke korar barci da gajiya shi ne goro. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka Katsina da Kano a farkon 1851, kuma ya lura cewa matsayin goro a wurin mutanen nan daidai yake da matsayin gahawa ko shayi a wurin Turawa.

Hanyar farko da shayi ya biyo ta Sahara ce. Koren ganyen Sin ya shiga fadar sarakunan Maroko tun ƙarni na 18 a matsayin kyauta ta manya. Masu tarihi da dama na cewa yaƙin Kirimiya, wanda aka yi daga 1853 zuwa 1856, shi ya watsa shi cikin jama'a, domin 'yan kasuwar Ingila da aka toshe wa kasuwannin arewacin Turai sun karkato da kayansu zuwa tashoshin ruwan Tanja da Mogador. Daga can ya bi raƙuma ya gangaro kudu. A ƙarshen ƙarni na 19 ayarin da ke tasowa daga Tarabulus zuwa Kano, wanda Larabawan Gadamas mazauna unguwar Dandalin Turawa ke da hannu dumu-dumu a cikinsa, yana ɗauke da shayi da sukari tare da yadi da takarda.

Abzinawa da Buzaye ne suka mayar da shi nasu. Su ne masu ayarin gishiri daga Bilma da Fachi, masu saukowa Damagaram da Katsina da Kano da kantun gishiri da dabino su koma da gero. Duk inda suka ya da zango sai an hura gawayi an ɗora 'yar ƙaramar buta. Wanda ya taɓa zama kusa da su ya san yadda abin yake: a zuba ganye, a fasa sukari mai kantu, a bar shi ya tafasa a hankali, sannan a ɗaga buta sama a tsiyaya cikin ɗan ƙaramin kofin gilashi, a mayar, a sake tsiyayawa, har kumfa ta taru. Ganye ɗaya sau uku ake dafa shi. Na farko ɗaci gare shi ƙwarai, na biyu ya sassauta, na uku kuwa kusan ruwan sukari ne da ake miƙa wa yara. Ba a gaggawa, kuma baƙon da ya tashi kafin na uku bai kyauta ba. Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, ya kashe dabbobin makiyayan Abzin, ya koro da yawansu biranen Nijeriya inda suka kama aikin gadi. A ƙofar kantuna da gidajen attajirai ne mutanenmu da yawa suka fara ganin wannan shayi ido da ido, suka ɗanɗana, suka koya. A Nijar kuwa ya zama ginshiƙin fada, wato zaman samari a bakin titi da ya yaɗu a shekarun 1990, har wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta wallafa littafi sukutum a kan fada a 2019. Alhazan da suka bi hanyar Cadi da Sudan, da waɗanda suka riƙa dawowa daga Makka da buta da kofuna a cikin tsaraba, su ma sun ƙara masa daraja a gidaje.

Amma shayin da mutumin 'Yargoje ko Faskari ko Sabuwa a kudancin Katsina ke nufi idan ya ce zai je wurin mai shayi, wato baƙin ganye da madara da burodi, ta kudu ya biyo. Turawa sun ci Kano da Katsina a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, shekarar da aka kafa kamfanin UAC. Funtuwa ta zama cibiyar auduga, da gidan gurza da ma'auni da kantunan Turawa, kuma ƙauyukan kudancin Katsina suna cikin masu noma mata. Kuɗin auduga da gyada ya sa manomi ya fara riƙe tsaba a hannu, kanti kuma yana da sukari da madarar gwangwani da ganyen shayi. Daga tashar jirgi sai manyan motocin katako suka ɗauka, suna shiga kasuwannin ƙauye. Lebura da ɗan dako da direba da yaron mota mutane ne da ke kwana nesa da murhun gidansu, suna buƙatar abu mai zafi da asuba da kuma bayan an rufe kasuwa. Wannan buƙata ce ta haifi teburin mai shayi.

Kayan da ke kan teburin kowanne da lokacin zuwansa. Madarar Peak ta shigo Nijeriya a 1954. An kafa kamfanin fulawa na Apapa a 1960, abin da ya sa burodi ya yi araha ya bazu, duk da cewa gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 kafin a ɗage dokar a 1992. Cowbell ta zo a 1993 da madarar gari a 'yar leda, wadda ta ba mai ƙaramin ƙarfi damar sayen abin da zai sha sau ɗaya. Indomie ce 'yar auta, don sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fara yin ta a Ota, amma yanzu tebur da yawa cinikinta ya fi na shayin. Ganyen ma muna da namu: tun shekarun 1970 ake noma shi a Kakara da ke tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda sanyi da ruwan sama suka dace da shi, kuma shi ake sayarwa da sunan Highland. Abin takaici ne cewa mafi yawan abin da muke sha har yau daga waje ake kawo shi.

Abin da ya ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne yadda Bahaushe ya karɓi shayin Bature ya sake masa hali. A tukunyar mai shayi za ka tarar da citta da kanumfari da masoro da kimba, wani ya ƙara na'a-na'a, kayan da iyayenmu mata suka daɗe suna sa wa kunu da fura. Yana tambayar ka ruwan bunu kake so ko haɗin kauri. In haɗin kauri ne zai tsiyaya madara, ya kamfaci Bournvita ko Milo da cokali, ya zuba ruwan zafi ta rariya, sannan ya ɗauki kofi biyu ya riƙa sheƙawa daga wannan zuwa wancan, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ba tare da ɗigo ya taɓa tebur ba. Kafin ya ajiye maka ya huce daidai sha. Gefe guda ƙwai na soyuwa da albasa da attarugu, an tsaga burodi ana jiran a cusa. Gwangwanaye jere a gaba, benci biyu ko uku, fitila, da rediyo. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, teburin shayi ya zama inda ake sauraron labarun duniya tare a tattauna su, daga siyasa har farashin masara.

A Landan shayi ne ya hau mota, a nan kuwa mota ce ke tsayawa saboda shayi. Direban da ya taso daga Funtuwa ko Malumfashi ya san teburin da zai tsaya, mai tebur ya san haɗinsa ba sai ya faɗa ba. A wurin mai tebur ake barin saƙo, a ajiye kaya, a tambayi ko motar wane ta wuce, kuma shi ke ba ɗan kamasho bashi har a yi lodin gobe. Baƙon da dare ya yi wa a garin da bai san kowa ba yakan nufi inda ya hango wutar mai shayi, kuma da wuya ya rasa wanda zai nuna masa masauki.

Saboda haka ne rashin tsaron da ya sami hanyoyin kudancin Katsina ya taɓa sana'ar kai tsaye. A daren 11 ga Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta sa dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagaya ta Funtuwa, daga baya aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Yunin 2024 aka kai wa 'Yargoje kanta hari cikin dare, aka kashe mutane masu yawa, Allah Ya gafarta musu. Mai shayi da dare da asuba yake cin abinci. Idan direbobi suka daina tafiyar dare, jama'a suka shige gida tun bayan isha'i, to an yanke masa rabin kasuwa, ban da cewa shi ne ke zaune a fili da wuta a gabansa lokacin da kowa ke neman mafaka.

Ban da wannan ga kuma tsada. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa masu tebur karɓar kuɗi ta waya. Cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun shekarar da faɗuwar darajar naira sun ɗaga farashin sukari da madara da fulawa da ƙwai, har wanda ya saba da haɗin kauri ya koma ruwan bunu da rabin burodi. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, domin jarinta kaɗan ne kuma yaro kan koye ta a hannun ubangidansa, ya fara da wankin kofi da ɗebo ruwa kafin a sallame shi. Samari da yawa daga kudancin Katsina da Zamfara da Nijar sun ɗauke ta sun tafi da ita Abuja da Fatakwal, da Agege da Obalende a Legas, da Sabo a Ibadan, inda Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu ke layi a gabansu da dare, kuma daga ribar teburin suke aiko wa gida kuɗin taki da na cefane.