Wa ke biyan diyya idan mota ta yi hatsari?

A dokar Nijeriya, direban da ya yi ganganci shi ke da alhakin ɓarnar da ya jawo, inshora kuwa ita ke ɗauke masa nauyin biya. Dokar 1945 ce ta fara wajabta wa mai abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, kuma tun 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka tsaurara bincikenta.

Daga Janairun 2023, hukumar NAICOM ta ƙayyade Naira 15,000 a shekara ga motar gida, inda kamfani zai biya har Naira miliyan 3 kan dukiyar da aka lalata. Keke Napep, irin masu jigila tsakanin Malkohi, Yola da Jimeta, Naira 5,000 ne, diyyarsa miliyan 2. Rauni da rasa rai ba su cikin wannan iyaka.

Abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba: wannan inshorar ba ta gyara motar mai ita. Sai cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta bai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba. Masu gudun riba suna da takaful.

A aikace, galibi sulhu ake yi a bakin titi ko wajen bakanike. Amma wanda ya amsa laifi ko ya biya kafin sanar da kamfaninsa yana iya rasa haƙƙinsa. Takardar bogi kuma ba ta biyan ko sisi. Ana tantance ta gaskiya a rumbun NIID da lambar mota.